Wankan Tsakani

Motar Jarmo ta sake tsayawa a bakin shingenmu, injinta a kunne, gilashinta a rufe. Ina tsaye bayan igiyar shanya da jiƙaƙƙen siket a hannu, na rasa abin yi. In na shanya shi kusa da wandona zai gani, in na mayar da shi cikin bokiti zai san na tsorata. Ruwan siket ɗin yana bin gwiwar hannuna yana ɗiga a kan takalmina. Sauro ya samu wuyana yana ta sha, na kasa ko ɗaga hannu in kore shi.

"Su wa ke can?" in ji Kaka Aili daga baranda. Dankali take ferewa, ta fere guda ɗaya har ya kusa ƙarewa a hannunta.

"Jarmo ne, Kaka. Jikan Heikki mai kwalekwale."

"A ce masa ya shigo ya sha kofi ko ya wuce. Tumaki ne ke tsayuwa a bakin shingen mutane."

Gilashin ya sauka a hankali. Su uku ne a ciki, da gwangwanayen giya a hannu tun rana ba ta yi tsaka ba.

"Arvid!" Jarmo ya kira ni da sunan da na ajiye tun da daɗewa. "Siket ɗin nan na budurwarka ne, ko naki ne?"

Suka kwashe da dariya. Ni da Jarmo benci ɗaya muka zauna a firamare, na san dariyarsa ta wasa, na kuma san wannan ba ita ba ce.

"Gobe Asabar," ya ce. "Sai mun haɗu a bakin kogi."

Ya ja motar, ƙurar tsakuwa ta rufe furannin Kaka. Sai da ƙarar ta ɓace na lura na matse siket ɗin har yatsuna sun yi fari.

* * *

Saboda Kaka na baro birni na dawo ƙauyenmu, can arewacin Sweden, inda kogi ya raba mu da Finland. Ciwon mantuwa ne ya kama ta. Ya fara da makullai da sunayen maƙwabta, daga baya ya kwashe mata harshen Sweden ɗungurungum, wanda aka ɗura mata da duka a makaranta. Abin da ya rage a bakinta shi ne yaren gida, irin na Finland da mutanen bakin kogi ke yi. Ba ta koya wa 'ya'yanta shi ba, don kada su sha abin da ta sha. Mahaifiyata ta rasu ba ta iya ba. Kawu Sixten, ɗanta ɗaya da ya rage, sai dai ya zauna gabanta ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ni kaɗai na tsince shi a gindin murhunta tun ina ƙanƙani, lokacin da ta ɗauka yara ba sa saurare.

Kawu ya riga ya samar mata gado a gidan tsofaffi na cikin gari, inda ma'aikatan ba sa jin ko "ba ni ruwa" da yarenta. Na roƙe shi ya bar min ita. Ya dubi doguwar sumata da 'yan kunnena, ya dubi gemun da ban aske ba, ya ce ya yarda, amma ranar da aka samu matsala ko ɗaya, zai zo ya ɗauke ta.

Ni kuwa matsala ce da ƙafafu a idon ƙauyen. An haife ni an ce namiji, amma ban taɓa jin maganar ta zauna min ba, ban kuma taɓa jin cewa ni mace ce ba. A birni akwai sunan Turanci da ake kiran irinmu, genderqueer, wato wanda bai tsaya a layin maza ba, bai kuma tsaya a na mata ba. A harshen Sweden dole a zaɓa wa mutum ɗaya: han in namiji ne, hon in mace ce. Mutanen birni sun ƙaro ta uku, hen, aka yi ta cacar baki a kanta a jaridu. Ranar da na kawo wa Kaka labarin, tun hankalinta na nan, dariya ta yi har da share hawaye.

"Tamu ce suka ara suka sauya mata harafi," ta ce. "Mu tun kakanninmu hän muke cewa. Mace hän, namiji hän, liman hän, ɓarawo ma hän. Yanzu ne suka farka?"

A bakinta na ji labarin Vieno Babba, ciki ɗaya da mahaifinta. Da rani Vieno kan shiga kogi tura gumagumai tare da maza, da sanyi kuma Vieno kan zauna saƙar safa tare da mata. Wando yau, siket gobe, tabar lofe kullum. Ina ƙarami na tambaye ta, "Kaka, namiji ne ko mace?" Ta ce, "Vieno ke nan." Da na girma na ajiye Arvid, wannan sunan na ɗauka.

Ƙauyenmu yana da ɗakin surace na kowa da kowa a bakin kogi, inda ake watsa ruwa a kan duwatsu masu zafi a yi wanka cikin tururi. Ranar Asabar mata ke fara shiga, maza su biyo baya da yamma. Tsakanin layin biyu akwai ɗan lokacin da ake ƙara itace a share daɓe, to a nan Vieno Babba kan yi wanka. Ba wanda ya yanke hukuncin haka, ba wanda ya kai maganar gaban limamin coci. Tsofaffi har yau suna kiran lokacin wankan tsakani, yawancinsu ba su ma san dalili ba.

Abin bai zama magana ba sai da aka turo wani malamin makaranta daga kudu, lokacin Kaka tana yarinya. Ya sa yara su ba da labarin wani na gidansu, Kaka ta tashi ta fara na Vieno. Ya tsayar da ita ya ce han ko hon? Ta ce hän. Ya ce ta miƙo tafin hannu. Duk bugu ɗaya da rula sai ya sake tambaya, ita kuma ta sake ba shi amsar da ta sani.

"To wanne kika zaɓa?" na tambaye ta.

"Ban zaɓa ba," ta ce, tana murza tafin hannun da babban yatsa. "Hannuna ya kumbura, nasa ya gaji."

Ko da ciwon ya ci ƙarfinta, abu biyu ba su bar ta ba. Ba ta taɓa mance cewa Asabar ranar wanka ce ba, ba ta kuma taɓa kirana da wani abu ban da Vieno ba. Idan za ta nuna ni ga baƙo sai ta ce hän, ta ci gaba da shan kofinta. A duk faɗin ƙasar nan, ɗakin girkinta ne kaɗai inda ba sai na yi wa kowa bayanin kaina ba.

* * *

Ranar Asabar na so mu zauna a gida. Na ce mata kaina ke ciwo, na ce ana shirin ruwa, alhali sama tar take. Kaka ta riga ta ɗaura ɗankwali, ta rungume tawul da damin ganyen da ake bugun jiki da shi, ta tsaya a bakin ƙofa.

"A tashi mana," ta ce. "Za a bari duwatsu su huce ne?"

Idan aka hana ta wankan Asabar, kwana take tana kuka tana neman mahaifiyarta. Na ɗauki bokiti muka gangara.

Mata sun gama sun watse. Inna Gunvor, mai kula da ɗakin, tana rataye tsintsiya muka iso. Ta gaishe da Kaka, ni kuwa takalmina ta gaisar.

"Ku yi sauri," ta ce. "Maza sun ce yau da wuri za su zo. Bari in je in duba burodina, na bar shi a wuta."

Ba ta taɓa barin wurin ba sai mun fito. Na bi ta da kallo tana hawa gangaren da sauri irin wanda ban san tana da shi ba, gabana ya faɗi. Amma Kaka ta riga ta shige tana kwance maɓalli.

Ɗakin na katako ne, da 'yar taga ɗaya da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ta waje ake zuba wa murhun itace, ƙofar kuma waje take buɗewa. Na ɗaura tawul, na zaunar da Kaka a benci na ƙasa, na watsa ruwa kaɗan a kan duwatsu. Tururi ya tashi da ƙamshin ganye. Ina cuɗa mata baya tana 'yar waƙarta, har na fara jin kunyar tsoron da na ji.

Sai na ji an jingina wani abu mai nauyi, kamar gungume, a jikin ƙofa.

Na tura, ko motsi ba ta yi ba. Na sa kafaɗa na tura da ƙarfi. Daga bayan bango na ji an buɗe bakin murhu, ana jefa itace ɗaya bayan ɗaya, wutar ta fara ruri.

"Jarmo! Buɗe ƙofar nan. Akwai tsohuwa a ciki."

"Ai mun sani," ya ce. Muryarsa a kwance take, kamar mai cinikin kifi. "Mu ma wanka muka zo, amma mun rikice. In mace ce a ciki, mu jira, muna da tarbiyya. In namiji ne, layinmu ya zo. To wa ke ciki?"

"Don Allah, tana da ciwon zuciya."

"Shi ya sa za ka yi sauri. Ko za ki yi sauri. Kai, ka ga wahalar da ake ba mu?" Sauran suka yi dariya. "Kalma ɗaya ce, mata-maza. Han ko hon? A ɗaga murya, wayata na ɗauka."

Zafin ya fara cizon kunnuwana. Na sauko da Kaka na kwantar da ita a daɓe inda iska ta fi sauƙi, na jiƙa tawul na ɗora mata a ka. Na juye mata ruwan sanyin da ya rage har bokitin ya yi ƙara. Ƙirjinta yana hawa yana sauka da sauri, leɓɓanta sun canza launi. Na daki tagar da ludayin katako, ludayin ya karye, gilashin bai ko tsage ba.

"Wa ya rufe mu?" ta ce, idanunta na yawo a rufin ɗakin. "An yi laifi ne?"

"Ba a yi ba, Kaka. Yanzu za a buɗe."

"Muna jira!" in ji Jarmo, ya buga bango da wani abu. Ƙarar ta cika ɗakin, fau, kamar katako a kan tebur. Ya sake bugawa. "Han ko hon?"

Zan faɗa. Wallahi ko kare suka ce in kira kaina zan kira, in dai za su ɗauke gungumen. Na buɗe baki, amma maƙogwarona ya bushe ƙamas, abin da ya fito bai wuce hucin iska ba. Na haɗiyi yawun da babu, na sake gwadawa. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba, na ga Kaka za ta mutu a hannuna tsirara a kan daɓe, saboda kalmar da ta maƙale min a wuya.

Fau! Ya sake buga bangon.

Sai wata murya ta tashi daga ƙasa inda Kaka take kwance, siririya, irin ta yarinya. Da harshen Sweden take magana, wanda rabon Kaka da shi tun kafin in dawo.

"Han," ta ce. "Han, malam. Namiji ne. Na faɗa, malam. Kar a ƙara."

Ta ɗaga murya har ta tsage.

"Han! Han! Kar a ƙara, malam!"

Na ji gungumen ya faɗi. Na tura ƙofa na ciccibo ta na fito da ita kan ciyawa. Suna tsaye su uku, ba mai dariya. Ɗayansu ya juya baya don kada ya ga tsiraicinta. Jarmo ya sa wayarsa a aljihu, ya sosa ƙeya.

"Wasa ne fa," ya ce. "Ka ga ai ba wuya."

* * *

Kawu Sixten ya iso washegari. Kaka tana barci a ɗaki, ma'aikaciyar jinya ta duba ta ta ce ta auna arziki. Ya zauna a kujerar da kakanmu ke zama, ya jefa cuku a kofinsa kamar yadda ake yi a yankinmu, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

"To yanzu me kake so a yi?" ya ce.

"In kai ƙara wurin 'yan sanda."

"Ka kai. Su zo su tambayi Gunvor, ta ce tana gida tana gasa burodi. Su tambayi yaran, su ce iska ce ta kayar da gungume. Daga nan ma'aikatan jin daɗin jama'a su zo su tambaya, wane mai hankali ne ya kai tsohuwa mai ciwon zuciya cikin surace? Kafin sati ya zagayo tana gidan tsofaffi, ko ni ban sa hannu ba."

"Kawu, kashe ta suka kusa yi."

"Na sani!" Ya buga tebur, kofin ya fantsama. Sai a lokacin na gane shi ma a tsorace yake. "Uwata ce, kana tsammani ban sani ba? Amma wa ke share mana ƙanƙara a hanyar nan da sanyi? Jarmo. In ta faɗi cikin dare, motar asibiti ba ta shigowa sai ya share. Kai in ta yi zafi birni za ka koma. Mu a nan za mu mutu."

"Ba inda zan koma. Ba ta jin maganar kowa sai tawa."

Ya goge kofin da ya zube a tebur. Sannan ya sa hannu a aljihun kwat ɗinsa ya ciro injin aski, ya ajiye a tsakiyar tebur kusa da kwanon sukari.

"Ni ban ce abin da kake ji a ranka ƙarya ne ba, Arvid. Ban san shi ba ne kawai. Amma ka ji ita ma da bakinta ta faɗa. In kana son ta ƙarasa kwanakinta a gidanta, ka ba su abin da suke so su gani. In ba za ka iya ba, ka faɗa min, gadon yana nan."

Ya shanye kofinsa ya fita. Bai leƙa ɗakinta ba, don ko ya leƙa ba su da yaren da za su gaisa.

* * *

A bayan gida na yi askin, inda iska za ta kwashe gashin. Na cire 'yan kunnen na jefa a kwanon maɓallai. Siket ɗin na ninke shi na tura ƙasan akwati. Da na je kanti, mai kantin da bai ko dube ni ba tun dawowata ya tambaye ni jikin Kaka, har ya ƙara min da labarin kamun kifi. Motar Jarmo ta wuce ta gaban shingenmu ba ta rage gudu ba, ya danna min ham ya ɗaga hannu. Ƙauye ya samu lafiya.

Kaka ta tashi daga jinyar, amma ta rage magana. Idan mota ta wuce sai ta yi shiru ta kasa kunne. Da safe na kawo mata kofi, ta dubi kaina da aka aske, ta dubi ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Ka sha naka, yarona?" ta ce. "Ka zauna da kyau, kar a gan ka."

Na zauna da kyau.

Ana nan sai ga Inna Gunvor da burodi mai zafi a naɗe cikin tawul. Ta ajiye a tebur, ta yaba askina, ta ce ya fito min da fuska. Tana jin yaren gida kaɗan-kaɗan, sai ta sunkuya kusa da kunnen Kaka ta tambaye ta wa ke kula da ita haka har ta yi ƙiba.

Fuskar Kaka ta washe. Ta nuna ni da cokali.

"Hän," ta ce.

Kalmar na fita ta tsaya cak. Murmushin ya zube. Ta dubi Inna Gunvor, ta dubi ƙofa. A hankali ta ajiye cokalin, ta goge hannunta a jikin riga, ta miƙo shi a kan tebur, tafin yana kallon sama, yatsun a haɗe. Ta runtse ido ta jira.

Inna Gunvor ta juya tana gyara tawul ɗin burodi.

Na ɗora hannuna a kan nata a hankali, yadda ake taɓa jariri. Duk da haka sai da ta zabura.